Karena yana firgita idan an ɗauke wuta a cikin gida, amma a waje ba ya tsoron dare

Baban Sadiya, Agege

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san halin karnuka, musamman likitocin dabbobi da waɗanda suka daɗe suna aikin gadi, a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni kusan wata huɗu ke nan.

Ina da kare namiji, baƙi, ruwa biyu ne tsakanin Alsatian da karen gida, muna kiransa Duna. Na karɓo shi yana kwikwiyo shekara 8 da suka wuce, bayan ɓarayi sun hauro mana katanga sau biyu a damina ɗaya, kuma tun daga lokacin ba a sake ɗaukar mana ko tsinke ba. Da rani a tsakar gida yake kwana. Da damina kuwa, saboda ruwa yakan kwanta a tsakar gidan har ya kai idon sawu, nakan shigar da shi wani lungu mai rufi da ke tsakanin kicin da sito. Lungun ba shi da taga, ƙasansa tayil ne, kuma akwai matakala uku da ke sauka daga ƙofarsa zuwa tsakar gida. Ƙwan lantarki ɗaya ne a ciki, muna barinsa a kunne.

Shekara da shekaru yana kwana a wurin nan, a ɗauke wuta ko a kawo, bai taɓa nuna ya san an yi ba. Bana ne abin ya canja. Da zarar wuta ta tafi sai ya miƙe tsaye ya ƙame wuri ɗaya, ya matse jelarsa tsakanin ƙafafu, ya soma kuka ƙasa-ƙasa yana haki kamar wanda ya sha gudu. Idan na tsaya a bakin ƙofa na kira shi ba ya tahowa, sai dai ya miƙo wuya yana shinshinar ƙasa, amma ina haska tocila zai taho ya manne a ƙafata. Matakalar nan uku da a da yake tsallake su da tsalle ɗaya, yanzu sai ya tsaya a kansu yana ɗaga ƙafa yana mayarwa. Daren Juma'ar da ta wuce na tarar ya yi fitsari a inda yake kwanciya, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan wata shida.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan babu ruwa na bar shi a waje, ko ƙarfe biyun dare ne yana zagaya gindin katanga, yana yi wa masu wucewa haushi kamar yadda ya saba. Ta yaya karen da ba ya tsoron dare a fili zai ji tsoron duhu a cikin ɗaki? Wasu maƙwabta sun ce wani abu yake gani a lungun wanda mu ba ma gani, tunda baƙin kare ne. Maganar ta shiga kunnen uwargida, yanzu ko sito ba ta yarda ta shiga bayan magariba, kuma ta fara cewa a ba da shi. Ni kuwa ba zan iya korar dabbar da ta tsare mini iyali shekara takwas ba tare da na san abin da ke damunta ba.

Shin kare yana jin tsoron duhu kamar yadda yaro ke ji? In ciwo ne, wane iri ne, kuma me ya kamata in fara yi? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Maigadi, Apapa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ba likita ba ne, amma na yi gadin sito-sito a Apapa fiye da shekara ashirin, kuma a mafi yawan shekarun nan da karnuka nake kwana, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Kafin ka ce duhu yake tsoro, ka zauna ka lissafa abubuwan da ke faruwa a gidanka a cikin minti biyu na farko bayan an ɗauke wuta. A Legas ɗauke wuta ba shiru ba ne. Fanka tana tsayawa, firiji ya yi tsit, inbata (na'urar da ke ba da wuta daga batir) ko na'urar kwamfuta ta soma ƙara, yara su yi ihu, wani ya taso da sauri yana lalube yana buga ƙofa, sannan janaretocin maƙwabta su tashi ɗaya bayan ɗaya har bango ya riƙa rawa. Mu mun saba, ba ma ko lura. Shi kuwa kare kunnensa ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma ba ya manta abin da ya taɓa razana shi. Idan sau ɗaya wani ya taka masa ƙafa a duhun nan, ko ya zame a kan tayil ya bugu, ya isa ya haɗa tafiyar wuta da wahala.

Akwai wata karya da muka yi aiki da ita a wani sito na shinkafa. Jaruma ce, ta taɓa riƙe mutum a kan katanga har muka iso. Amma da an ɗauke wuta sai ta shige ƙarƙashin benci tana karkarwa, har abokan aikina suka fara cewa an yi mata asiri. Da na sa ido sai na gane cewa inda ake ɗaure ta bai fi taku huɗu daga babban janaretan siton ba, kuma duk lokacin da wuta ta tafi, injin nan yakan tashi da kansa da wata irin ƙara a daidai kunnenta, ga sarƙa a wuya ba halin gudu. Muka mayar da ita ɗaya ɓangaren ginin. Ba ta warware nan take ba, ta ɗauki makonni tana zabura, amma a hankali ta daina.

Ga gwajin da zan ba ka, ba ya cin ko kwabo. Wata rana da dare, alhali akwai wuta, fanka tana juyawa, babu janareta ko ɗaya da ke aiki, ka je ka kashe ƙwan lungun da hannunka ka tsaya shiru. In ya ci gaba da kwanciyarsa, to ba duhu ne matsalarsa ba, abin da ke rakiyar ɗauke wuta ne. In kuwa ya miƙe ya ƙame kamar yadda ka bayyana, to maganar ta koma kan idonsa, sai likita. Haka kuma ka lura da shi idan an ɗauke wuta da rana tsaka: yana firgita ko ba ya yi?

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka bari kowa ya doke shi ko ya daka masa tsawa saboda fitsarin nan, domin tsoro ne ya sa shi, kuma duka ƙara masa zai yi. Na biyu, ka duba inda kake ajiye naka janaretan. In hayaƙinsa yana shiga lungun da ba shi da taga, wannan ya fi ƙarfin maganar kare, domin hayaƙin janareta yana kashe mutum yana barci, kuma mun sha jin gidajen da aka wayi gari an rasa mutane ta wannan hanya.

Malam Mai Almajirai, Idi-Araba

Assalamu alaikum. Zan taɓa ɓangaren da maƙwabtanka suka tayar, Alhaji, domin na san shi ne ya fi damun iyalinka.

Gaskiya ne ya zo a hadisi cewa idan mutum ya ji haushin karnuka da kukan jakuna da dare ya nemi tsarin Allah, domin suna ganin abin da ba ma gani. Mun yi imani da wannan. Sai dai abin da aka umarce mu da shi shi ne neman tsari, ba a ce mu yanke hukunci cewa duk karen da ya yi kuka aljani ya gani ba, ballantana mu ƙaurace wa wani sashe na gidanmu ko mu wulaƙanta dabba a kan zato. Gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Abin da ke hannunmu shi ne sababi na zahiri, kuma ga shi ka ba da labarin dabba mai shekara takwas da ta soma kasa sauka matakala a duhu. Da tsohon gidanku ne ya fara haka, asibitin ido za ku kai shi tun kafin a kawo wata magana. Ka faɗa wa Hajiya ta riƙe azkar ɗinta na safiya da maraice, ta karanta Ayatul Kursiyyu, ta shiga sitonta da bismillah.

Game da ajiye shi kuwa, hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya. Malaman Malikiyya suna kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, cewa ya ajiye kare a gidansa saboda tsaro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wanda ɓarayi suka hauro wa gida sau biyu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan buƙata.

Amma ina ba ka shawara ka fitar da makwancinsa daga jikin ɗakunan da kuke zaune, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto a cikinsa. Ka sa kafinta ya yi masa ɗan ɗaki a tsakar gida, mai rufin kwano, a ɗaga ƙasansa yadda ruwa ba zai kai ba. Ko karen As'habul Kahfi a bakin kogo Alƙur'ani ya ce ya shimfiɗa zira'insa. Wannan zai kwantar wa iyalinka da hankali, kuma ina zaton shi ma zai fi jin daɗin wurin da haske ke shiga. Korarsa kan titi bayan ya tsufa a hidimarka kuwa ba na ganin hanyarsa. Wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita da neman mata magani suna wuyansa, kuma mun san an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Likitar Dabbobi, Ikeja

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba zan iya faɗin ciwon dabbar da ban duba ba, amma bayaninka ya fito da alamu sosai, kuma tambayar da ta ɗaure maka kai, wato dalilin da ya sa yake lafiya a waje amma ba a ciki ba, ita ce ta fi komai nuna hanya.

Mutane da yawa suna ɗauka kare yana gani a duhu ƙirin. Ba haka ba ne. Abin da yake da shi shi ne iya amfani da ɗan haske kaɗan fiye da mu. A bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, kuma ƙwayoyin da ke cikinsa iri biyu ne: masu aiki a haske mai ƙarfi da rarrabe launi, da masu aiki a haske mai rauni. Kare yana da nau'i na biyu da yawa. Bayan haka, a ƙarƙashin tantanin akwai wani shimfiɗi mai sheƙi kamar madubi da ke mayar da hasken da ya wuce ya sake ratsa tantanin karo na biyu, kuma shi ne ke sa idon kare ya yi ƙyalli kore-kore idan ka haska shi da tocila. Duk wannan sai da haske, komai ƙanƙantarsa. Tsakar gida a Agege ba ta taɓa yin duhu na gaskiya: ga wata, ga fitilun tsaro na maƙwabta masu sola, ga fitilun motoci, ga hasken gari da gajimare ke mayarwa ƙasa. Lungu marar taga kuwa, idan ƙwan ya mutu, babu abin da ya rage. A da ma ba ya gani sosai a wurin, amma ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa yana isarsa. In ƙwayoyin ganin dare sun fara rauni, wurin da zai fara kasawa ke nan, tun kafin a lura da komai a waje inda ya haddace kowace kusurwa da hanci da ƙafa.

Wato abin da nake zargi shi ne dundumi, irin wanda muka sani a jikin mutane, kuma a kare yana da sababai da dama. Akwai lalacewar tantanin bayan ido da ake gada, wadda ke tafiya sannu a hankali. Ƙwayoyin ganin dare ne ke fara mutuwa, shi ya sa alamar farko ita ce ƙin shiga ɗaki mai duhu da jinkiri a kan matakala, daga baya ganin rana ma ya ragu. An fi saninta a jinsuna irin su Labrador da Poodle da Cocker Spaniel, amma ruwa biyu ma ba su tsira ba. Ba ta da zafi, kuma har yanzu ba ta da magani. Akwai yanar ido, wadda a karnuka sau da yawa ciwon suga ke kawo ta, saboda haka ka lura ko ya ƙara shan ruwa da yawan fitsari yana kuma ramewa. Kada a rikita ta da ɗan shuɗin hazo da ke bayyana a idon yawancin karnuka daga wajen shekara 7, wanda tsufa ne kawai kuma ba ya hana gani sosai.

Sai kuma waɗanda suka fi shafar mu a nan. Kaska tana ɗauke da wata cuta ta jini da ke kawo zazzaɓi, rashin cin abinci, wani lokaci haɓo, kuma tana iya kumbura cikin ido ko ta sa jini ya zuba a bayansa. Wannan tana da magani, ana ba da shi na kimanin mako huɗu, amma jinkiri yana iya cin idon. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa kuma makiyaya suka fi sani a shanu, yana kama karnuka, kuma ɗaya daga alamunsa shi ne gaban ido ya yi fari kamar an shafa madara. Akwai kuma abin da nake yawan gani a wajen mutanenmu da ke kusa da kasuwannin dabbobi da mayanka irin ta Oko-Oba: a sayi allurar ivermectin ta shanu a yi wa kare da ƙiyasi don kashe kaska ko ƙazuwa. In ta yi yawa tana buɗe ƙwayar ido, ta kawo karkarwa da tangaɗi, har da makanta. In an yi wa Duna irin wannan allura a watannin nan, ka faɗa wa likitan da zai duba shi ba tare da ɓoye komai ba.

Ban kore maganar Baba Maigadi ba, gwajinsa daidai ne kuma ina so ka yi shi. Kare yana jin sautuka masu tsini har sama da 40,000 a ma'aunin hertz, alhali kunnen mutum ba ya wuce 20,000, don haka na'urar da kake ganin ta yi shiru mai yiwuwa shi tana damunsa. Kuma sau da yawa abubuwan biyu suna haɗuwa: karen da ganinsa ya ragu ya fi razana da ƙara, domin ba ya iya ganin inda ta fito. Ciwon gaɓoɓi ma yana sa tsohon kare ya ji tsoron tayil da matakala, musamman masu jinin Alsatian da aka sani da matsalar ƙugu. Akwai kuma ruɗewar tsufa, inda kare ke yawo da dare yana maƙalewa a kusurwa, amma an fi ganinta a waɗanda suka girmi naka.

Ga gwajin ido da za ka iya yi a gida. Ka jera kujeru da bokiti da kwali a wani ɗaki, ba yadda ya saba ganinsu ba, ka tsaya a ɗaya ƙarshen ka kira shi da rana. Ka sauya jerin, ka maimaita bayan magariba da ɗan haske kaɗan, daidai yadda kai kana iya ganin kayan da ƙyar. Karen da idonsa ke lafiya zai fi ka iya ratsawa. Sannan ka saki ɗan curin auduga a gabansa ka ga ko idonsa zai bi shi. Ana amfani da auduga ne don ba ta ƙara idan ta faɗi. Ka ɗauki bidiyo da waya ka tafi da shi wurin likita, domin a asibiti karnuka sukan ɓoye halinsu. Ka nemi a duba bayan idon da na'ura, a kuma gwada jini. In ana buƙatar ƙarin bincike, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, duka ba su yi nisa da Legas ba.

Kafin nan, don Allah kada a ba shi maganin barci na mutane, ko paracetamol, ko ibuprofen, kuma kada a ɗiga masa maganin ido na kanti, domin wasu suna ƙara ɓata idon da ke da rauni. Wasu za su ce a dinga ba shi hanta saboda dundumi, tunda tana ɗauke da bitamin A da ido ke buƙata. Ƙarancin bitamin A ba kasafai yake samun karen da ke cin nama ba, kuma hanta in ta yi yawa ita ma tana da illa. In ka ga idon ya yi ja, ko yana runtse shi, ko ganin ya ɗauke gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba na jira ba ne, a ranar za a kai shi. Ina kuma tambaya: yaushe aka yi masa rigakafin ciwon hauka na ƙarshe? Abin da ya ɗauki wata huɗu yana tafiya a hankali bai yi kama da shi ba, domin ciwon hauka in ya bayyana ba ya ɗaukar kwanaki da yawa, amma duk karen da halinsa ya sauya sai mun tambaya.

Maman Yusuf, Mile 12

Alhaji, ni tawa ƙaramar magana ce a kan yadda za a rarrashe shi. Mun taɓa karɓar wani kwikwiyo daga hannun mai sayarwa wanda ashe a cikin wani ɗan ɗaki marar taga yake kulle su tun suna 'yan makonni. Idonsa lafiya lau, amma ya girma ba ya yarda a rufe shi a duhu. Abin da ya yi mana aiki shi ne, kullum da yamma sai ɗana ya zauna tare da shi a wurin, ya rage hasken fitila kaɗan, ya ba shi ɗan ƙashi ko guntun nama, ya yi masa magana a hankali, sannan ya mayar da hasken tun kafin ya fara kuka. Kowane 'yan kwanaki sai a ƙara rage hasken. Ranar da muka yi gaggawa muka kashe gaba ɗaya, sai da muka koma farko.

Wasu suna cewa in ka lallashi kare yana cikin tsoro kana koya masa tsoron ne. Ni ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne in mutum ya zo a natse ya zauna kusa da shi, hakin yana raguwa. Ka sayi fitilar nan mai caji da ke kunna kanta idan wuta ta tafi, ka kuma shimfiɗa tsohuwar darduma ko buhu a kan tayil ɗin.

Baban Sadiya, Agege

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru kwana goma ne don in yi abin da kuka ce kafin in dawo.

Baba Maigadi, na yi gwajinka. Na kashe ƙwan da hannuna alhali akwai wuta, sai ya miƙe ya ƙame, amma bai yi kuka sosai ba kuma bai yi haki ba. Da aka ɗauke wuta da rana kuwa, na ga ya zabura ya ɗaga kunne a daidai lokacin da inbata ta yi ƙararta, kuma inbatar a jikin bangon siton take, bayan kansa kaɗan. A watan Maris na sa aka haɗa ta, ban taɓa kawo ta a lissafi ba. Na kira mai gyara ya kashe ƙarar. Janaretana kuwa a waje yake, nesa da lungun, alhamdu lillahi.

Likita, zarginki ya tabbata. Da rana ya ratsa kujerun bai taɓa ko ɗaya ba. Bayan magariba ya yi karo da bokiti sau biyu, sannan ya tsaya ya ƙi motsi, alhali ni ina ganin bokitin. Jikina ya yi sanyi, domin na tuna sau nawa na yi masa faɗa a kan matakalar nan ina cewa taurin kai ne. Na kai shi asibiti da bidiyon. Gwajin jini bai nuna cutar kaska ko suga ba, rigakafinsa na hauka bai cika shekara ba, kuma ba a taɓa yi masa allurar shanu ba. Likitan ya ɗiga masa magani ya duba bayan idon, ya ce jijiyoyin jinin wurin sun sirance a idanu biyun, alamar lalacewar tantanin da kika ambata, kuma in shirya domin ganin ranar ma zai iya raguwa nan gaba. Ya ce in daina sauya wa kayan tsakar gida wuri, in rufe bakin rijiya da kwata, kuma yara su riƙa kiran sunansa kafin su taɓa shi. Na tambaye shi ko zai iya ci gaba da gadi, ya ce hancinsa da kunnensa suna nan, kuma da su ya fi aiki tun asali.

Malam, na karanta wa uwargida amsarka, na kuma nuna mata bidiyon. Ita ce yanzu take tuna mini in caja fitilar. Na ɗaure fitilar a ƙasa, daidai tsayin gwiwa, tana haska matakalar, na kuma shimfiɗa buhu kamar yadda Maman Yusuf ta ce. Shekaranjiya an ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya, na leƙa na same shi a tsaye yana kuka kaɗan, amma da kansa ya taka zuwa kwanon ruwansa ya dawo ya kwanta. Kukan bai ƙare gaba ɗaya ba, musamman in ana tsawa.

Kafinta zai zo ranar Asabar don ɗakin da za a yi masa a tsakar gida. Abin da ban yanke ba shi ne tsayinsa daga ƙasa, domin ruwan yana kai idon sawu, shi kuma matakala ce ba ya so. Likita, in aka yi masa gangara da katako maimakon matakala, aka buga ƙananan sanduna a kai don kada ya zame, zai iya koyon hawanta yanzu da sauran ganinsa, ko in bari sai an shiga rani?